Waya ta mutu da sauran caji: abin da teburin masu gyara a Kafanchan ya koya mini

Goggona manomiyar citta ce, a wani ƙauye da ke kan hanyar Kwoi. Tun bayan cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023, duk wanda Allah ya ba 'yan buhuna a wannan yanki ya san ba abin wasa ke hannunsa ba. Cikin sanyin Disamba ta ɗauko buhu uku ta kawo Kafanchan, suka daidaita da wani ɗan kasuwa, ya ce ya tura mata kuɗi ta waya. Ta kwance bakin zani ta ciro wayarta. Fuskar waya na nuna saura kashi 38. Tana taɓa manhajar banki sai waya ta yi ɗif. Ta danna, ta girgiza, ta goge ta da mayafi, shiru. Ɗan kasuwa na ta cewa motarsa za ta tashi, ita kuwa ta hau kan buhunanta ta zauna daram, ta ce ba inda kaya za su je sai idonta ya ga kuɗi. Sai da wani mai POS ya tausaya ya jona mata a wutarsa. Da wayar ta farfaɗo, kashi 9 ta nuna.

Kuɗi dai sun shigo. Da daddare ta kira ni da wayar maƙwabciya, ta ce: "Ɗana, zo ka karɓi abar nan, ta fara yi mini ƙarya."

Na karɓa, na kuma tafka kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na kai ta wurin mai gyaran da na fara cin karo da shi a bakin tasha. Bai buɗe ta ba, bai tambaye ni yadda take mutuwa ba. Ya juya ta sau biyu a hannu ya ce cutar kwamfuta ce ta shige ta, sai an yi mata filashin. Na amince. Bayan awa guda ya miƙo mini ita wanke tas kamar ranar da aka ɓare ta a kwali. Hotunan jikoki sun tafi, lambobin masu sayen citta sun tafi, haka ma saƙonnin murya na marigayi mijinta, waɗanda takan kunna ta saurara idan kewa ta taso mata. Kwana biyu bayan haka wayar ta sake mutuwa, da saura kashi 41.

Wannan takaici ne ya sa na yi ta zirga-zirga tsakanin masu gyara, masu cajin waya da masu sayar da kayanta, na karanta abin da kamfanonin wayar da kansu suka rubuta, har na gane cewa ciwon da ya fi yawa a wayoyinmu mai sauƙin ganewa ne, kuma mai waya na iya gano shi a ɗakinsa kafin ya biya kowa ko sisi.

Garin da ya saba da jiran saƙo

Kafanchan gari ne da mahaɗa ta haifa. A shekarun 1920 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa nan zuwa Kaduna, reshe kuma ya haura Jos, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina suka sauka suka zauna tare da mutanen Fantswam, Bajju, Kagoro, Kaninkon, Ham, Atyap, Hausawa da Fulanin masarautar Jama'a. Har gobe, idan ka tsaya a teburin mai gyaran waya za ka ga Ibo ne ke sayar da kaya, ɗan Bajju ne ke riƙe da abin liƙi, Bafulatana ce ta kawo gyara, kuma da Hausa ake ciniki.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001. A lokacin alatu ce. Yanzu kuwa asusu ce, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da har mai ƙosai ta koyi jiran saƙon banki. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan a waya suke karanta takardunsu. A ƙauyukan da suka sha fama da hare-haren dare kuwa, waya ita ce ƙararrawa: da ita ake tashin maƙwabci, da ita ake kiran agaji. Wanda ya taɓa kwana a irin wannan wuri ba zai ɗauki wayar da ke mutuwa ba gaira ba dalili a matsayin ƙaramar damuwa ba.

Akwai mai a tanki, inji ya mutu

Wanda ya fara warware mini lamarin dattijon mai gyara ne, wanda ya faro da gyaran rediyo tun kafin zuwan salula. Misalin da ya ba ni kowa a garin nan ya san shi. Ka tada ƙaramin janareta, fitila biyu da fanka suna aiki lafiya lau. Sai wani ya jona dutsen guga. Nan take fitila ta dushe, inji ya yi tari ya mutu, alhali tanki na da mai. Ba mai ne ya ƙare ba, injin ne ya kasa ɗaukar nauyin da aka ɗora masa lokaci guda.

Haka tsohon baturi yake. Baturin da ke cikin wayoyinmu na sinadarin litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma ya jawo wa masana uku, John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel a 2019. Idan ya cika, ƙarfin wutarsa kan kai bolt 4.2 zuwa 4.4. Yana aiki yana sauka a hankali, har ya iso wajen bolt uku da 'yan kai, inda waya ke kashe kanta don kada kayan cikinta su lalace. Yayin da baturi ke tsufa, abu biyu ke samunsa. Na farko, cikinsa na raguwa, ba ya riƙe caji kamar da. Wannan kowa ya sani. Na biyun shi ne wanda ba a cika sani ba: hanyar da wuta ke fita daga cikinsa tana ƙuntata, kamar bututun ruwan da tsatsa ta ci. Muddin waya na kwance ba ta aikin komai, ɗan abin da take ja yana wucewa lafiya. Amma da zarar an buɗe kyamara, ko an kira wani ta bidiyo, ko manhajar banki ta tashi tana neman sabis da ƙarfi, sai waya ta ja wuta da yawa a cikin ƙiftawar ido, ƙarfin baturi ya faɗi ƙasa da iyaka, waya ta ɗauke.

To, lambar nan ta kashi 38 fa? Goggo ta yi gaskiya da ta kira ta ƙarya, sai dai ba da gangan ba ne. Lambar ba awo ba ce irin na mudu da tiya, ƙiyasi ce. Akwai ɗan ƙaramin maƙale a cikin waya da ke lissafin wutar da ta shiga da wadda ta fita, yana kwatantawa da abin da ya sani game da baturin. Idan baturi ya tsufa, ko aka canja shi da wanda ba nasa ba, lissafin sai ya rikice. Shi ya sa za ka ga daga 40 an faɗo 10, ko ka jona caji cikin minti goma a ce maka an kai 70.

Ba ciwon wayar talaka ba ne kaɗai. A 2016 masu iPhone 6s sun yi ta kukan wayoyinsu na mutuwa da sauran caji. A farkon 2017 kamfanin Apple ya fitar da sabuntawar da ke rage wa waya gudu idan baturinta ya tsufa, don kada ta ja wutar da za ta kashe ta, amma bai fito fili ya gaya wa mutane ba sai a Disambar 2017, bayan da masu bincike suka bankaɗo. Ya ba da haƙuri, ya rage kuɗin canja baturi daga dala 79 zuwa 29 a shekarar 2018. A 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25, a Amurka kuma ya amince ya biya diyyar da za ta iya kai dala miliyan 500. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne, mutane da yawa sun sayi sabuwar waya suna zaton tasu ta gama yayi, alhali baturi kawai take buƙata. Daidai abin da ke faruwa a kasuwarmu ke nan, illa mu ba mai biyan mu diyya.

Shi kamfanin Apple ɗin ya bayyana cewa an ƙera baturin tsofaffin wayoyinsa ne don ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikawa da ƙarewa sau 500. Yi lissafi da kanka. Mai cinye cikakken caji ɗaya kullum zai kai wannan adadi cikin shekara ɗaya da wata huɗu ko biyar. Matashin da ke cinye biyu a rana, tsakanin TikTok da kallon ƙwallo, wata takwas ya ishe shi. Wayar da aka sayo ta hannu kuwa, wadda ake yi wa kirari da 'yar Landan, Allah kaɗai ya san sau nawa aka cika ta kafin ta iso Legas.

Sanyi na tona asiri, zafi na kisa

Ba banza wayar goggo ta zaɓi Disamba ba. Mu da ke gindin tsaunukan Kagoro, dab da tudun Jos, mun san asubar hunturu. Sanyi na ƙara ƙuntata waccan hanya ta cikin baturi, don haka baturin da ke lallaɓawa a watan Oktoba sai ya fara faɗuwa a Disamba da Janairu. Da rana ta ɗaga jikin waya ya yi ɗumi, sai ta koma kamar lafiyarta ƙalau. Irin sanyinmu ba ya lalata baturi, raunin da ke ɓoye kawai yake fito da shi.

Zafi ne ke yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kamfanonin waya na gargaɗin cewa zafin da ya haura digiri 35 na rage wa baturi kwana, musamman idan ana cajinsa a cikin zafin. Duba yadda muke yi a watan Maris da Afrilu. Direba ya ajiye waya a gaban gilashin mota, rana na dukanta tun daga Kachia har Zonkwa. Ɗan acaɓa ya cusa ta a aljihun wando kusa da inji. Matashi ya jona caji, ya tura ta ƙarƙashin matashin kai, ya kwana a kanta. Wani yana caji yana kallon fim, waya ta yi zafi har ba ta riƙuwa, ga kuma riga mai kauri an sanya mata.

A nan dole a yi maganar masu cajin waya, kuma zan yi ta da adalci, domin ba don su ba da rabin garin nan ya kwana a duhu ta fuskar sadarwa. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako babu lantarki, su ne suka riƙe mutane. Amma je ka tsaya a rumfar ɗayansu da azahar. Rufin kwano, janareta na huci a gefe, allon katako cike da soket, wayoyi talatin ko arba'in an jera su, wasu kan wasu, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba. Ɗora hannunka a kan ta tsakiya ka ji. Cajojin kuwa yawanci mafi araha ne a kasuwa, don mai rumfa ba zai iya sayen na asali guda arba'in ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, kuɗin caji ma ya bi sahu. Wanda zai biya kuɗi kuwa ba ya kai waya caji sai ta mutu murus, ba ya kuma karɓa sai ta cika maƙil. Wannan ma abu ne da baturin litiyam ya ƙi. Masana na ba da shawarar a riƙe caji tsakanin kashi 20 da 80, wasu sababbin wayoyi ma na da saitin da ke tsayar da caji a 80 ko 85. Shawara ce mai kyau ga wanda wuta ba ta yanke masa. A ganina, faɗa wa mutumin Godogodo ko Manchok ya cire waya a kashi 80, alhali bai san ranar da zai sake ganin wuta ba, rashin sanin halin da ake ciki ne. Abin da zai iya yi shi ne ya daina bari tana mutuwa ƙurmus kafin ya kai ta, ya tafi da cajarsa, ya tuɓe mata riga, ya roƙi mai rumfa kada a ɗora wata a kanta. Wanda ya samu hali ya sayi ɗan ƙaramin farantin sola ya huta, amma farantin ne ke son rana, ita waya a inuwa za ta zauna.

Caja ta ƙwarai, idan ka duba ƙananan rubutun jikinta, za ka ga tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wato an gina ta ta jure hawa da saukar wuta ta fitar da tsayayyiyar wuta. Jabu ba ta da kayan tacewar nan, duk tarin da janareta ya yi sai ya isa cikin waya. Alama ɗaya da ba ta ɓuya: idan ka jona caji ka ga fuskar waya na danna kanta, ko ka taɓa nan ta buɗe can, cire wannan caja ka rabu da ita. Araha ba ta ado.

Sai sabis. A bayan duwatsu da cikin kwari, inda sanda ɗaya ke leƙowa ta koma, waya na ƙara ƙarfin kiran da take yi wa turken sadarwa, tana tsalle tsakanin 4G da 3G da 2G. Mai layi biyu aikinsa biyu ne. Manomin da ya wuni a gonar da babu sabis zai dawo ya tarar rabin caji ya tafi bai kira kowa ba. Maganinsa ya sa ta a yanayin jirgin sama har ya fito fili. Da dare kuwa, a inda tsaro ya sa ba a kashe waya, na ga hikimar da mutane da yawa suka ɗauka: babbar waya a kashe, layin kira a ƙaramar waya mai madannai, wadda ke kwanaki da caji ɗaya.

Kafin ka kai wa mai gyara

Dattijon nan ya ce abin da ya fi ba shi wahala shi ne mutum ya zo ya ce waya na mutuwa, a tambaye shi yaushe, ya ce kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwana biyu na lura sun fi awa biyu na kwance-kwance. A kashi nawa take mutuwa? Me kake yi da ita a lokacin? Da sanyin safiya ne ko da tsakar rana? Jikinta da zafi? Idan ta farfaɗo, lambar da take nunawa ta yi daidai da wadda ta mutu a kai?

Gwajin da ya fi kowanne saurin raba gardama kyauta ne. Samu caja mai kyau ka jona, sannan ka yi abin nan da ke kashe ta, ka buɗe kyamara, ka yi kiran bidiyo. Idan a jone ba ta mutuwa, amma kana cirewa ta koma halinta, to kusan ka gama bincike, baturi ne. Idan ko a jone tana ɗaukewa, sai a fara zargin wani wuri: maɓallin kunnawa da ya maƙale, manhaja, ko allon cikin da masu gyara ke kira fanel.

Daga nan ka tuɓe mata riga ka dube ta ta gefe. Idan bayanta ya ɗago, ko gilashin gaba ya fara rabuwa da jiki, ko ka ajiye ta a tebur ta ƙi kwanciya daidai, baturi ya kumbura. Wannan ba ya jiran gobe. Iskar gas ce ta taru a ciki, kuma baturin litiyam idan ya kama wuta ba ya kasuwa da sauƙi. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kimanin miliyan biyu da rabi saboda baturansu na kamawa da wuta, daga bisani ya daina ƙera samfurin ɗungurungum. Na ga yara na murza kumburarren baturi da kwalba don ya kwanta, na ga mai huda shi da allura wai iska ta fita. Don Allah a bari. Haka sanya baturi a firji ba ya dawo masa da ƙuruciya, raɓa kawai yake jawo masa. Zancen cewa sai an bar sabuwar waya ta mutu sannan a yi mata cajin awa takwas, gado ne daga baturan zamanin da, bai shafi na yanzu ba.

Akwai ƙananan abubuwa da kan sa mutum ya yi asarar kuɗi a banza. Riga mai matsewa na iya danne maɓallin kunnawa. Wayoyi da yawa, ciki har da Tecno da Infinix da suka cika hannun mutanenmu, suna da saitin da ke kashe waya ya kunna ta a lokacin da aka tsara, kuma yaro na iya taɓa shi garin wasa. Idan wayarka na mutuwa a ƙarfe ɗaya tak kowace rana, can za ka fara dubawa. Ƙurar hunturu da zaren aljihu na toshe bakin caji, a kwana a jone a tashi da kashi 30, a ɗora wa baturi laifi. Tsinken sakace na itace, a hankali, waya a kashe, ya isa. Kada a sa allura. Igiyar caja ma na karyewa ta ciki alhali bayanta lafiya, don haka a gwada wata. Waya da ma'ajiyarta ta cika maƙil da bidiyon rukunonin WhatsApp takan riƙa daskarewa tana sake kunna kanta.

Idan kukan shi ne saurin shan caji ba mutuwa ba, shiga saitin baturi ka ga wa ke ci. Idan manhajar da ba ka buɗe ba ce a sama, ka kama ɓarawo. Waɗanda suka fi yin wannan su ne jabun WhatsApp da ake tura wa juna ta Xender, manhajojin bashi, da masu iƙirarin wanke waya ko ƙara mata ƙarfin baturi, waɗanda talla kawai suke jawowa. A yawancin wayoyin Android, idan ka danne maɓallin kunnawa, sannan ka ɗora yatsa ka riƙe a kan alamar kashewa, waya za ta tashi a wani yanayi da masu gyara ke kira sef mod, inda duk manhajojin da kai ka zuba ke barci. Idan a haka ta wuni lafiya, laifin na ɗaya daga cikinsu ne. Wani gwajin shi ne na dare: cika ta, sa ta a yanayin jirgin sama, ka kwanta. Lafiyayyar waya 'yan kashi kaɗan za ta rasa kafin asuba. Idan ka tashi ka tarar kashi 30 sun tafi, ko dai baturi ya gama, ko wuta na zurarewa a fanel.

Wannan zurarewar ta fi yawa bayan damina. Ruwan Kudancin Kaduna ba ya wasa, daga Afrilu har Oktoba. Waya ta jiƙe a kan mashin, a goge ta, ta ci gaba da aiki, a manta. Bayan wata biyu tsatsa ta gama cin ƙananan ƙafafun cikin. Binne ta a shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya riga ya shige. A kashe ta nan take, kada a jona caji, a kai a buɗe a wanke da sifirit a busar.

Filashin shi ne na ƙarshe a layi, ba na farko ba. Yana da amfani idan manhajar da ke tafiyar da waya ce ta lalace, amma bai taɓa warkar da tsohon baturi ba. Duk wanda zai yarda a yi masa, ya fara kwafe hotuna da saƙonnin murya zuwa katin ajiya ko wata waya, ya tabbatar lambobinsa na cikin asusun Google, ya kuma san kalmar sirrin asusun, don bayan gogewa waya kan nemi a shigar da ita kafin ta buɗe.

A teburin dattijo

Da na kai wa dattijon wayar goggo, sai da ya yi mini tambayoyin nan duka kafin ya taɓa ta. Ya ɗumama bayanta har gam ya saki, ya zura siririn roba ya ɗaga murfi, ya cire haɗin baturi. Sai ya jona wayar da wata na'ura mai ba da wuta, mai allon lamba a gaba. Waya a kashe, lambar ta tsaya a sifiri, ya ce fanel ba ya satar wuta. Ya kunna ta, ya buɗe kyamara, ya kunna fitila, ya bar ta minti goma, ko gezau ba ta yi ba. Sannan ya ɗauko baturin ya miƙo mini ya ce in shafa. Cikinsa ya ɗan taso kamar gurasa. Duk binciken bai kai rabin awa ba.

Sayen sabon ma aiki ne. Kayan waya na zuwa mana daga kasuwar Computer Village ta Ikeja, ko Farm Centre ta Kano, ko ta Jos da Kaduna, kuma a kwali ɗaya akwai na ƙwarai, akwai mai dama-dama, akwai tsoho da aka sake wa takarda. Ya nuna mini yadda ake daidaita lambar samfurin da ke jikin tsohon da ta sabon, da yadda ake duba ranar ƙira, don baturi na tsufa ko a kanti yake ajiye. Ya ce in yi hattara da wanda aka rubuta wa ƙarfin da ya wuce na asali: wayar da ta zo da mAh 5,000 ba za a samo mata mai 8,000 da zai shiga ramin nan ba. Haka fawa bankin da bai fi tafin hannu ba amma an rubuta masa 50,000. Wanda wayarsa ba ta shekara ba kuwa, gara ya nemi cibiyar kamfanin, kamar Carlcare ga masu Tecno, Infinix da itel, domin buɗe ta a bakin titi na zubar da garanti. Ga sauranmu, abin da ya rage shi ne a tsaya a canja a gaban idonka, a rubuta maka rasit, a yi yarjejeniyar kwanakin da za ka iya dawowa idan ya ƙi.

Wannan wahala ta gam da ɗumamawa ba dole ba ce, zaɓin masu ƙira ne. Shekarun baya kowa da farcensa yake ɓalle murfi ya sauya baturi. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta tanadi cewa daga 2027 na'urorin hannu su zo da baturin da mai kaya zai iya cirewa ya sauya, duk da cewa akwai waɗanda aka keɓe. Ina fatan abin ya iso kasuwarmu, don mun fi Turawa buƙatarsa: mu ne ke riƙe waya shekara huɗu, biyar, mu ne kuma ke gadon waɗanda suka yar.

Tsohon baturin bai ba ni shi ba. Yana da wani gwangwanin madara mai yashi a ƙarƙashin tebur, nan yake tara su, ya liƙe bakin kowanne da salatif. Ya ce ba ya yarda a jefa su a bola, don a garin nan ƙona bola ake yi, yara kuma na tsince-tsince a cikinta.

Ranar Asabar na mayar wa goggo wayarta. Ta buɗe manhajar banki sau uku a jere tana kallon lambar, lambar ba ta motsa ba. Ta ɗaure ta a bakin zani. Can da za mu rabu ta tambaye ni ko tunda an gyara, muryar marigayi mijinta za ta dawo. Na ce mata ba za ta dawo ba, amma na tuna ƙaninsa da ke Zonkwa suna yawan aika wa juna saƙon murya, wataƙila akwai saura a wayarsa. Ta ce in ba ta lambarsa, tata ta tafi da sauran.